Yadda Za Ka Zama Marubuci a Umdurman Ba Tare da Ka Gudu Daga Gidanku Ba

Akwai wani ciwo mai daɗi da ke kama matasa daga shekara sha bakwai zuwa talatin, kuma a Khartum da Umdurman yana da saurin yaɗuwa, domin garuruwa ne da aka daɗe da sanin su da son littafi. Ba banza ba ake cewa Alƙahira ke rubutawa, Bairut ta buga, Khartum ta karanta. Alamominsa ba su da wuyar ganewa. Yaro zai sayi littafin rubutu mai kauri da biro uku, ana yi masa magana yana kallon rufin ɗaki, daga nan sai ya soma ƙorafi: gidansu ya cika hayaniya, baƙi ba sa yankewa, ƙanne sun hana shi sakat, abokai kuma kullum suna jan sa kallon ƙwallo. Da zai samu ɗaki shi kaɗai na wata shida, in ji shi, da duniya ta ga littafi. Wannan shawara tasa ce, kuma tata ce, musamman 'ya'yan Hausawan Sudan da ɗaliban da suka taso daga Kano ko Damagaram zuwa Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum. Abin da nake son tabbatar maka, ƙanena, abu ɗaya ne: gidan nan da kake ƙorafi a kansa da wasannin da kake jin kunyar ɓata lokaci a kansu, su ne jarinka. Ranar da ka rabu da su don ka samu shiru, za ka samu shirun, amma littafin rubutunka zai zauna fari fat.

Saboda haka kada ka fara da sayen tebur. Nemi tabarma, ka shimfiɗa ta a gindin angarib ɗin kakarka, gadon igiyar nan da ake fitarwa tsakar gida idan rana ta faɗi, ka zauna ka rufe bakinka. Idan kana ganin ka girmi tatsuniya, to ka tuna da Farfesa Abdullahi Ɗayyib, wanda aka haifa a 1921 ya rasu a 2003. Mutumin nan ya yi digirin digirgir a Landan, ya rubuta babban littafinsa a kan fahimtar waƙoƙin Larabawa wanda malamai ke juyawa har gobe, ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a tsakiyar shekarun 1960, ya shugabanci Jami'ar Khartum, ya yi shekaru yana tafsirin Alƙur'ani a Rediyon Umdurman da harshen da talaka ke ganewa, aka kuma ba shi kyautar Sarki Faisal a 2000. Duk da wannan ɗaukaka bai ga ƙasƙanci ba a zama ya tattara tatsuniyoyin da kakanni mata ke yi wa jikoki, ya fitar da su a littafi mai suna Al-Ahaji as-Sudaniyya. In mai wannan rawani ya durƙusa gaban tsofaffi yana sauraron labarin dodo da kyakkyawar yarinya, kai da ko gajeren labari ɗaya ba ka kammala ba, wace hujja gare ka ta tsallake tsohuwa ka tafi neman ilimin rubutu a YouTube?

Sauraron ma yana da ƙa'ida, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo ke faɗuwa, don suna kasa kunne su ji abin da ya faru, alhali darasin yana cikin yadda ake faɗarsa. Ka samu ranar da gwaggonninka suka taru shan jabana, ka karɓi aikin hura gawayi don kada a kore ka. Za a soya 'ya'yan gahawa a ƙaramin kasko har ƙamshi ya kai ƙofar gida, a daka su da citta, a zuba a tulun yumɓu mai dogon wuya, a jera ƙananan kofuna a faranti, a sa turaren wuta. To a tsakanin kofin farko da na uku za a ba da labarin auren da ya mutu a unguwa. Lura da gwanar cikinsu. Ba ta farawa daga farko. Sai ta ce ai ita tun ranar lalle ta san ba za a kai ko'ina ba, ta yi shiru, ta kurɓi gahawa, ta bar kowa a rataye. Ba ta ambatar sunan mai laifi sai ta tabbata zukata sun gama tsanarsa. Idan ta zo kan maganar uwar miji sai ta sauya murya, ta gyara mayafi kamar yadda waccan ke gyarawa. Idan wata ta yi hamma, nan take ta yanke zancen kayan ɗaki ta faɗa kan faɗan da aka yi a bakin ƙofa. Jan rai, ɓoye bayani, bambanta muryoyin taurari, sanin inda za a daɗe da inda za a wuce da sauri: duk abin da ake koyarwa a ajin rubutun ƙirƙira ga shi nan kyauta, har da gahawa a kai. Ɗayyib Salih ya san wannan sarai. Littafinsa Mausim al-Hijra ila ash-Shamal, wanda ya fito a 1966 kuma masana a Dimashƙa suka zaɓe shi a 2001 a matsayin mafi muhimmancin ƙagaggen labarin Larabci na ƙarni na 20, yana zagaya Landan da jami'o'inta, amma babin da masu karatu ba sa mantawa shi ne inda tsofaffi suka zauna a ɗakin kakan mai ba da labari suna hira da dariya, har da tsohuwar nan Bint Majzub mai baki ba linzami.

Kai kuma Bahaushen Sudan, gidanku yana da wata taska da maƙwabta ba su da irinta, wato tafiya. Kusan kowane gidan Hausawa a ƙasar nan yana da wani kaka da ya baro yamma da niyyar hajji, a ƙasa ko a kan jaki, yana yada zango yana noma ko ƙwadago don ya samu guzuri, wani ya shekara biyar a hanya, wani ya yi aure a Darfur, wani ya isa Makka ya dawo ya tsaya a bakin Nilu bai ƙara ganin garinsu ba. Wasu sun biyo ayarin da ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Wasu audugar Jazira ce ta riƙe su bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. Daga cikin wannan jama'a aka samu A'isha Falatiyya, 'yar malamin allo da aka haifa a yankin Kasala, wadda ta zo Umdurman tana yarinya, ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon garin a farkon shekarun 1940, ta rasu a 1974. Ka duba rayuwar nan kaɗai: uba malami, 'ya mai murya, gari mai surutu. Ko Abubakar Imam aka ba wannan kaya ya ce an gama masa rabin aiki. Don haka idan ka zauna da kakarka kada ka ce ta ba ka tarihi, za ta ce ba ta sani ba, a tambayi maza. Tambaye ta me aka ci a daren da aka haye kogi, wa ya yi kuka, wane kaya aka sayar da farko da guzuri ya ƙare, wace kishiya ce ta ƙi ci gaba da tafiya. Ƙananan tambayoyi ke buɗe bakin tsofaffi.

Na san abin da za ka ce, kuma maganarka tana da nauyi. Za ka ce ai Ɗayyib Salih ba a tsakar gidansu na Karmakol ya rubuta littattafansa ba, yana can Ingila yana aiki a sashen Larabci na BBC. Laila Abulela kuma, wadda ta tashi a Khartum ta yi jami'a a can, ba ta fara rubutu ba sai da ta koma Abadin ta ƙasar Sikotilan a 1990. Ashe ke nan nisa da gida ne ya yi su? Gaskiya ne nisa ya taimaka, domin kewa tana wasa ƙwaƙwalwa, abin da mutum ke gani kullum bai san darajarsa ba sai ya rasa shi. Amma dubi abin da suka rubuta a can ɗin. Shi ya rubuta dabino da kogi da kakansa da bikin Zain. Ita ta rubuta matan Khartum da sallarsu da danginsu. Nisa ya ba su wurin zama ne kawai, kayan aikin a gida suka ɗaure shi, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ita Laila ma ai ba shiru ta tarar a can ba. Da ƙananan yara a hannu ta fara, har ta fitar da littafinta na farko a 1999, ta kuma zama ta farko da ta ci kyautar Caine a 2000. Wanda ya tafi bai saurari kowa ba, in ya isa Landan abin da zai iya rubutawa shi ne sanyi da tsadar haya.

Batun lokaci kuwa ba ya buƙatar dogon zance. Umdurman da kanta ta ware maka sa'o'i biyu: bayan sallar asuba kafin a ɗora shayi, da tsakar rana a watannin zafi lokacin da gida duka ya kwanta, har kaji sun buɗe baki a inuwa. Shafi ɗaya a kowane zama ya isa. Kada kuma ka ajiye karatunka ko sana'arka. Amir Tajus Sirr likita ne, Istila Gaitano haɗa magunguna ta karanta a Jami'ar Khartum, kuma dukansu sun cika kanta da littattafai.

Sai wasanni da abubuwan sha'awa, waɗanda masu tsananin himma ke cewa su ne ɓarayin lokacin marubuci. Ni shawarata ka riƙe naka da hannu biyu, in ba ka da shi ka nemo. A Umdurman zaɓin farko an riga an yi maka shi tun kana cikin zani: a ƙwallon ƙafa, ko shuɗin ƙungiyar Hilal ko jan Marrikh. Kada ka yi wayon cewa kai ba ruwanka, domin mutumin da bai taɓa jin zuciyarsa ta tsinke a minti na tamanin da tara ba, da wuya ya iya tsinka zuciyar mai karatu. Je ka zauna kusa da dattijon da ke ba da labarin yadda Marrikh ta ɗauki kofin Afirka a 1989 bayan ta doke Bendel United ta Nijeriya, ka saurare shi yau, ka sake sauraronsa mako mai zuwa, ka lura da abin da ya ƙaru. A nan za ka koyi yadda abin da ya faru ke rikiɗa ya zama almara. Kokawar 'yan Nuba da aka saba yi ranar Juma'a a Haj Yusuf za ta koya maka kirari da yadda ake gabatar da jarumi kafin ya taɓa kowa. Zikirin yammacin Juma'a a hubbaren Shehu Hamad an-Nil zai koya maka yadda abu ke farawa a hankali ya yi ta hawa. Kiwon tantabaru, kamun kifi a gefen tsibirin Tuti, dara, ɗinki, gasa agashe, duk ɗaya ne: kowace sana'ar hannu tana ba ka sunayen abubuwa na ainihi, kuma labarin da marubucinsa ya san sunan kowace ƙugiya da kowane yaji ya fi shiga rai a kan wanda aka cika da "wani abu" da "wani wuri". Ko kujerar mai shayi a gindin bishiyar dalbejiya makaranta ce, da sharaɗin ka biya kuɗin shayinka, don matar nan da shi take ciyar da gida.

Iyaka dai akwai bambanci tsakanin mai sauraro da ɗan leƙen asiri, kuma Amir Tajus Sirr, wanda Ɗayyib Salih kawunsa ne, ya gina littafi sukutum a kan wannan. A cikin Sa'id al-Yaraƙat, wanda ya kai zagayen ƙarshe na babbar gasar ƙagaggun labaran Larabci a 2011, wani tsohon jami'in tsaron farin kaya da ya rasa ƙafa ya ƙudurta shi ma sai ya zama marubuci. Yana da ido, yana da kunne, ya saba rubuta wa ya shigo da ƙarfe nawa da irin rigar da ya sa, amma duk abin da ya rubuta sai ya fito kamar rahoton ofis. Abin da ya rasa shi ne ƙaunar mutanen da yake kallo. Shi ya sa nake cewa ka shiga wasan da gaske, ka ci, a ci ka, ka yi fushi, ka huce. Wanda ya je filin ƙwallo da littafi a aljihu don farautar taurari zai dawo da jerin sunaye. Wanda ya je don yana son ƙwallon zai dawo da mutane.

Ƙorafi na gaba ya fi kowanne ƙarfi a wurin Bahaushe, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Za a ce rubuta dangi tonon asiri ne, giba ce da aka sa wa bango. Wanda ya ci tuwon gida ya fita ya sayar da sirrin gida a kasuwa bai yi abin kirki ba, ko da littafin ya ci kyauta. Wannan haka yake, kuma wanda ya ɗauki cikin shegen 'yar maƙwabta ya sauya harafi ɗaya a sunanta ya buga, ya ci amana, ba wata fasaha da za ta wanke shi. Amma akwai hanyar da ta dace, Laila Abulela ta nuna ta a littafinta Lyrics Alley na 2010. Ta ɗauko rayuwar ɗan'uwan mahaifinta, Hasan Awad Abulela, saurayin da haɗari ya kwantar da shi bai ƙara tafiya ba, ya zama mawaƙin da ake rera baitocinsa a rediyo. Ta sauya sunaye, ta ƙirƙiro mutanen da ba a taɓa yi ba, ta gina gidan attajiri mai mata biyu a Umdurman ta shekarun 1950, ta mai da ciwon dangi abin girmamawa. Ka ɗauki hali ka bar sunan, ka ɗauki ciwon ka sauya wanda ya ji shi, ka haɗa rowar wani kawu da kirkin wani su zama mutum ɗaya, abin da aka gaya maka a matsayin amana kuma ka bar shi inda aka ajiye. Gyaran da za ka sha daga gida ma ba irin wanda kake tsoro ba ne. Gwaggonka ba za ta damu da cewa tauraruwar tana da faɗa ba. Abin da zai tayar mata da hankali shi ne ka ce an yi bikin jirtig na aure kafin lalle, ko ka sa wa amarya awarwaro huɗu alhali duk unguwa ta san shida ne. Karɓi gyaran da godiya, domin edita mai irin wannan ido ba a samunsa da kuɗi.

Saura tambaya mai ɗaci: wane gida ake magana, bayan abin da ya auku tun 15 ga Afrilu 2023? Yaƙi ya raba sama da mutum miliyan 10 da muhallinsu a Sudan. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa, ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir a Jami'ar Ahliyya ta Umdurman ya ƙone, Hilal da Marrikh kansu sai a gasar Muritaniya suka buga kakar 2024/2025. Kakar da nake cewa ka zauna a gindin gadonta wataƙila tana Alƙahira a bene hawa na shida, ko Bur Sudan, ko wani sansani a Chadi. Ko da sojoji suka karɓe Khartum a Maris 2025 mutane suka soma komawa, da yawa bango kawai suka tarar. Wani zai ce raha ba ta dace da wannan hali ba, balle tatsuniya. Ni ina ganin yaƙin ya ƙara wa shawarar nan gaggawa ne. Takardun da ke ɗakunan karatu sun nuna mana suna iya ƙonewa a dare ɗaya, abin da ya rage yana cikin kawunan tsofaffi, su kuma gudun hijira yana cinye su da sauri. Kira ta a WhatsApp, ka ce ta aiko maka da saƙon murya, ka adana shi wuri biyu. Kuma ka lura, mutanen da suka kafa tukwanen takiyya a unguwanni suna ciyar da maƙwabta ana ruwan harsashi ba su daina ba'a da dariya a layin karɓar wake ba. Wanda zai rubuta wannan zamani ya cire dariyar, ya yi musu ƙarya.

Da wane harshe za ka rubuta, Hausa ko Larabci? Wanda kake mafarki da shi, in kuma da duka biyun kake yi, to ka yi arziki. Larabci zai kai ka gasar da ake yi da sunan Ɗayyib Salih, Hausa kuma za ta kai ka ga miliyoyin masu karatu daga Kano har Agadas, ke kuma ƙanwata ga gasar Hikayata ta BBC Hausa da ake yi wa mata tun 2016. Kafin duk wannan, nemi masu sauraro a kusa. A shekarun 1930 samarin unguwannin Abu Ruf da Hashmab a gidajen junansu suke taruwa suna karatu da muhawara, daga irin wannan zama mujallar Al-Fajr ta fito a 1934, kuma ɗaya daga cikinsu, Muhammad Ahmad Mahjub, ya zama firayim minista. Kafin yaƙi, a Talatar farko ta kowane wata akan shimfiɗa littattafai a ƙasa a dandalin Atine da ke tsakiyar Khartum, a kasuwar da ake kira Mafrush, matasa su yi musaya su karanta wa juna abin da suka rubuta. Kai ma tara naka taron bayan sallar isha'i: kaka, gwaggo, ƙanne biyu da maƙwabcin da ya shigo aron caja. Karanta musu babin farko da babbar murya, idonka ɗaya a takarda ɗaya a kansu. Inda ƙaninka ya zaro waya, ja layi a gefen shafin, gobe da asuba ka yanke wurin. Inda kaka ta katse ka ta ce ba haka aka yi ba, ajiye takardar, miƙa mata kofi, ka bar ta ta faɗi yadda aka yi.